Shara, Lambatu da Ƙuri'a: Tambayoyi da Amsoshi Kan Muhalli a Zaɓen Ƙananan Hukumomin Birnin Kano

Duk lokacin da zaɓen ciyamomi da kansiloli ya ƙarato, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta yawo a majalisun unguwa, da tarukan ƙungiyoyin ci gaban al'umma, da shirye-shiryen rediyo da ake buga waya. An tattaro waɗanda suka shafi muhalli a nan, an fara da na fili kafin a shiga masu sarƙaƙiya.

Mene ne haɗin zaɓen kansila da ciyaman da maganar muhalli? Ba aikin gwamna ba ne?

Kundin tsarin mulkin 1999 ya raba gardama. Jadawali na huɗu ya jero ayyukan ƙaramar hukuma, kuma kusan rabinsu muhalli ne tsantsa: gina da gyaran tituna da magudanan ruwa da fitilun hanya, kula da lambuna da filayen jama'a, samar da banɗakunan jama'a, kwashe shara da ƙazanta, kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka tare da sa musu ido, kula da maƙabartu, har da sa ido kan gidajen abinci da gidajen burodi da wuraren wanki. Ke nan wanda ya fito neman kujerar ciyaman, wannan aikin ne yake neman a damƙa masa, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ya rikita mutane shi ne gwamnatin jiha ta daɗe da karɓe yawancin waɗannan ayyuka a cikin birni ta hanyar hukumominta. Har ta kai mutum ya ga bola ta cinye rabin titi a unguwarsu, amma ko kusa kansila bai faɗo masa a rai ba.

Waɗanne ƙananan hukumomi ake nufi idan an ce birnin Kano?

Guda takwas ne daga cikin 44 na jihar: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Kowacce da ciyaman ɗinta da kasafinta. Sai dai ruwan sama bai san iyaka ba. Ruwan da ya sauka a Dala da cikin gari ta rafin Jakara yake bi, ya ratsa Fagge, ya wuce ta ɓangaren Nasarawa da Ungogo, ya ƙare a madatsar Wasai da ke Minjibir. Idan ciyaman ɗaya ya yashe nasa ɓangaren na gaba bai yashe ba, ruwan komawa baya zai yi ya shiga gidajen wanda ya yi aikin. Saboda haka tambaya ce mai ma'ana a ji daga bakin ɗan takara yadda zai yi aiki da maƙwabtansa ciyamomi.

Ai REMASAB ce ke kwashe shara. Me ya rage wa ƙaramar hukuma?

REMASAB hukumar jiha ce, ita ke da manyan motoci da katafila, kuma ƙarfinta ya fi karkata ga manyan tituna da manyan bololi. Motarta ba ta shiga lungun da ko A Daidaita Sahu ba ya iya juyawa a cikinsa, kuma a irin waɗannan lunguna akasarin mutanen Dala da Gwale da Kurna da Rimin Kebe suke zaune. Tsakanin ƙofar gida da inda mota ke iya tsayawa, nan giɓin yake.

A yanzu wa ke cike giɓin? Almajiri ne ko yaro mai baro. Uwargida ta miƙo masa bokitin shara ta bayan ƙyaure da 'yan canji, shi kuma ba wanda ya nuna masa inda zai kai, sai ya juye a kangon da ya fi kusa, ko a gindin ganuwa, ko cikin lambatu idan ba idon mutane. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Aikin ƙaramar hukuma shi ne ta ware wa kowace mazaɓa wurin tara shara da kowa ya sani, ta yi wa masu baro da kura rajista (ba da lasisin kura da baro yana cikin ikon da jadawali na huɗu ya ba ta), sannan ta daidaita da REMASAB kan ranakun da mota za ta riƙa zuwa. Wannan ba ya cin kuɗin da ginin sabuwar sakatariya ke ci.

Idan abu ɗaya tak za a sa a gaba, wanne ya kamata?

Hanyar ruwa. A nan ba ma jin akwai ja. Damina a Kano gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwan yakan sauko da ƙarfi cikin 'yan sa'o'i, musamman a Agusta. Birnin da aka shafe shi da siminti da kwalta da gine-gine ba shi da inda zai shanye wannan ruwa sai ta lambatu. Lambatun kuwa, duk wanda ya taɓa sa shebur a cikinsa ya san abin da ke ciki: yashi a ƙasa ya daskare, a kansa baƙin taɓo mai wari, sannan ledar fiya wata da gorunan roba da kunzugun jarirai na zamani sun cunkushe bakin kwalbati. Matasa su fito aikin gayya ranar Asabar, su yashe, su tara a gefen titi. Ba motar da ta zo ɗauka. Ruwan daren Talata ya maida komai inda ya fito.

Wannan tulin da aka bari a gefen titi shi ne ma'aunin ƙaramar hukuma. Yasar lambatu jama'a na yi da kansu kyauta. Kwashe abin da aka yaso shi ne ke buƙatar tifa da man fetur da wanda zai ba da umarni. Kuma lokacinsa Afrilu da Mayu ne, kafin ruwa ya sauka, ba Agusta ba bayan katanga ta faɗa wa mutane.

Dalilin sa shi a gaba shi ne sauran matsalolin a jikinsa suke rataye. Ruwan da ya kwanta shi ke haifar da sauro. Shi ke jiƙa gindin ginin ƙasa har ya rufta. Shi ke cika masai ya tumbatsa cikin rijiya (duba amsar da ta shafi banɗaki a ƙasa). Shi ne kuma ya shiga Kantin Kwari a Agustan 2022 ya lalata atamfofi da yaduka na maƙudan kuɗi, inda 'yan kasuwa da dama suka ɗora alhakin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa.

Me ya sa ake ta maganar kududdufai? Ba matattarar sauro da ƙazanta ba ne?

Yadda aka bar su a yau, haka ne. Amma asalinsu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa, suka zama wurin da ruwan unguwa ke gangarawa ya kwanta idan an yi mamako. Wato su ne ma'ajiyar ruwan birnin tun kafin a san kwalbati. Abin da aka yi shekara da shekaru ana yi shi ne a mayar da kududdufi bola, idan ya cika a daddale, a yanka filaye a sayar. Ruwan da yake sauka a wurin bai daina zuwa ba, sai dai yanzu a tsakar gidan mutane yake sauka.

Izinin gini a cikin birni a hannun KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, yake, takardar fili kuma a hannun ma'aikatar ƙasa ta jiha, don haka ciyaman ba shi da ta cewa ta ƙarshe. Sai dai ba a cike kududdufi a dare ɗaya. Ana farawa ne da 'yar shara, kuma mai unguwa da kansila suna gani. Ɗan takarar da zai iya lissafo kududdufan da suka rage a mazaɓarsa da sunayensu, ya ce zai sa a kewaye su a hana zuba shara, ya fi wanda ya zo da alƙawarin "kawo ƙarshen ambaliya" sanin abin da yake faɗa.

Banɗaki da masai fa? Mutane na jin nauyin tayar da wannan magana a taron siyasa.

Jin nauyin ne ya sa aka bar ta a baya, alhali tana kashe mutane. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ƙa'idar masana lafiya ita ce a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya. A gidajen cikin gari da na unguwannin awon igiya, inda filin gidan gaba ɗaya bai kai haka ba, masan maƙwabci na iya zama bango ɗaya da rijiyarka. Ga kuma ruwan famfo da ba ya isa unguwanni da yawa, sai an dogara da 'yan garuwa, waɗanda ba kowa ke tambayar inda suka ɗebo ba.

Abu uku ne a hannun ƙaramar hukuma a nan. Banɗakunan kasuwa da tasha da makarantun allo, waɗanda ginin su ba shi ne wahala ba, samun ruwa da mai kula da su ne. Sai masu yasar masai, da ake yi wa laƙabi da "gidan kowa da akwai": suna yin aikin da ba wanda ke so, amma idan ba a ware musu inda za su juye ba, a rafi ko a bayan gari za su juye. Sai kuma duba rijiyoyin burtsatsen da ake sayar da ruwansu. A 2019 gwamnatin tarayya ta sa 2025 a matsayin shekarar daina bahaya a fili a duk ƙasar. Maƙwabciyarmu Jigawa ce jiha ta farko da aka ayyana ta cimma hakan, a 2022, kuma ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma aka bi har aka kai ga haka.

Ina duba-gari suka shiga?

Suna nan, kuma Kano na da makarantar koyon aikin tsafta da ke yaye su tun zamanin Turawa. Dattawa na ba da labarin yadda mata ke rige-rigen wanke randa da share kwata idan aka ce duba-gari ya shigo layi. Yau an fi ganin su ranar tsaftar ƙarshen wata, Asabar ɗin da ake hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, suna tare hanya tare da kotun tafi-da-gidanka.

Duba-garin da ba shi da babur, ba shi da takardar gargaɗi, kuma ya san duk wanda ya kama za a bugo waya daga sama a ce ya sake shi, zama zai yi a ofis. Ciyaman na iya gyara biyun farko da kuɗi kaɗan. Na ukun kuwa halinsa ne zai nuna, don sau da yawa shi ne mai bugo wayar.

Ruwan masana'antu da ke malala a Jakara da Challawa, ciyaman zai iya hana shi?

Shi kaɗai, a'a. Sa ido kan dattin masana'antu aikin NESREA ne, hukumar tarayya da aka kafa a 2007, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha. Matsalar kuwa tsohuwa ce. Ruwan masana'antun Bompai na bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara. Na Sharaɗa da Challawa, inda kamfanonin jima suke, yana gangarawa kogin Challawa. Jimar zamani na amfani da sinadarin kuromiyom, kuma binciken jami'o'i ya sha gano ƙarafa masu guba a waɗannan ruwaye. Da ruwan Jakara ɗin ne kuma masu lambu ke ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo da ke shigowa kasuwannin gari.

Ɗan takarar da ya ce zai rufe kamfani, ihu yake bayan ba shi da hurumi. Wanda ya ce zai tattara koken mutanen unguwannin da ke shaƙar warin, ya kai a rubuce da hatimin ƙaramar hukuma, ya bibiya, ya kuma taimaki masu lambu da rijiyoyin ban-ruwa domin su rage dogaro da rafin, wannan ya faɗi abin da zai iya. Mayanka kuwa, musamman ƙananan da ke unguwanni, kai tsaye suna cikin jerin ayyukan da aka ambata a amsar farko, kuma jini da tumbin da ake wankewa a cikinsu lambatu suke bi.

Dashen itatuwa fa? Kusan kowane ɗan takara da shi yake farawa.

Saboda shi ne ya fi kyau a hoto. Ba a raina shi ba: wanda ya taka daga Ƙofar Nasarawa zuwa Ƙofar Mata da tsakar ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san darajar inuwar darbejiya. Kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, tsadar gas da kalanzir ta tura gidaje da yawa ga gawayi da itace, wanda daga dazukan wajen gari ake saro su.

Amma a tambayi mai alƙawarin wa zai yi ban-ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu, da me zai kare dashen daga awaki. Bishiya 200 da aka damƙa wa makarantun firamare da masallatai da maƙabartu, kowacce da mai kula da ita, ta fi dubban da za a jera a gefen titi ranar biki. A lissafinmu wannan na zuwa ne bayan hanyar ruwa da shara da banɗaki.

Za a iya hana leda? 'Yan bola jari kuma a kore su ko a bar su?

Hana leda doka ce da ta fi ƙarfin kansila, kuma muddin ruwan leda ne abin shan talaka, hanin ba zai kama ba. 'Yan bola jari da 'yan gwangwan kuwa su ne kaɗai ke raba shara a garin nan: ƙarfe da roba da gorunan lemo duk suna da masu saye a kilo. Ƙorafin da ake yi da su na satar murafun kwalbati da wayoyin lantarki gaskiya ne. Maganinsa rajista da katin shaida da sanin dillalin da kowa ke kai wa kaya, ba kora ba.

Da wane kuɗi za a yi duk wannan? Kullum cewa suke ba a sakar musu.

Ƙananan hukumomin Najeriya 774 na da kashi 20.60 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya, ban da kasonsu na harajin kayayyaki. Shekara da shekaru kuɗin na biyowa ne ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma nan ne kukan ya samo asali. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓun shugabanni. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasar.

Duk da haka, "ba a sakar mana" ba amsa ba ce da za a karɓa a tafi. Ana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata bayan zaman rabon arziƙin ƙasa, kuma duk mai waya da intanet zai iya dubawa. Gaskiya ne albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya na cinye kaso mai tsoka. Amma akwai kuɗin shiga na cikin gida: rasit ɗin da ake yanka wa masu tebur da masu shaguna da tashoshin mota. Mai sayar da tumatir da ke biyan kuɗin rasit kullum yana da haƙƙin tambayar dalilin da ya sa bola ke bayan teburinsa. Manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari suna ƙarƙashin shugabannin da jiha ke naɗawa, don haka a kansu ba ciyaman za a tuhuma ba.

Tunda jam'iyya mai mulki ce ke lashe komai, mene ne amfanin wannan duka?

Tambayar na da tushe. A zaɓen 2018 da na Janairun 2021 APC ce ta cinye kujerun ciyaman 44 duka. A na 26 ga Oktoban 2024, wanda hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ta gudanar ana tsaka da shari'u a kotuna, NNPP ce ta kwashe ciyamomi 44 da kansiloli 484. Haka abin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ke mulki.

Abin da wannan ke nunawa shi ne ainihin takarar ana yin ta ne kafin ranar zaɓe, lokacin da masu ruwa da tsaki na mazaɓa ke zaman fitar da ɗan takara. A nan ne ƙungiyar unguwa ke da tasiri, domin masu zaman 'yan unguwar ne, ana haɗuwa da su a masallaci da wurin ɗaurin aure. Kuma kansila, ko ta wace hanya ya hau, a cikin mutane yake kwana. Gwamna sai a rediyo za ka ji shi. Kansila kuwa lambatun ƙofar gidansa da naka ɗaya ne.

To me zan tambayi ɗan takara idan ya zo unguwarmu?

Tambayar da ba za a iya amsa ta da "in sha Allahu za mu duba" ba. Misali dattijon unguwa ya ce: "Honarabul, kwalbatin bakin makarantar firamare shekara nawa tana toshewa, ka san ta. A wane wata za a yashe ta, kuma motar wa za ta kwashe abin da aka fitar?" Ko shugabar ƙungiyar mata ta ce: "Ranka ya daɗe, ina ka ware mana mu riƙa aika shara?" A tambaye shi duba-gari nawa ne a ƙaramar hukumar, da wanda yake shirin ba wa kansila mai gafaka na ɓangaren lafiya da tsafta, don sau da yawa kujerar sakayya ce ake ba wanda ya janye takara.

A rubuta amsoshin, ya sa hannu a gaban mai unguwa da limami, a ɗauki hoton takardar. Mutanen Bulbula da Gayawa, da zaizayar ƙasa ta yi shekaru tana cin gidajensu, buƙatarsu ta fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma. Su abin da za su nema a rubuce shi ne sau nawa zai kai maganarsu gaban ma'aikatar muhalli, kuma wa zai riƙa dawo musu da bayani.

Bayan an rantsar da su, ina za a kai ƙorafi idan ba a cika alƙawari ba?

A fara da kansila, a rubuce, da kwafi ga sashen da ke kula da ruwa da tsaftar muhalli a sakatariya, a kuma karɓi shaidar an karɓa. Takardar ƙungiya mai rajista ta fi ta mutum ɗaya nauyi, musamman idan mai unguwa ko dagaci ya sa hannu. Idan bola ce a babban titi, REMASAB. Idan gini ne a kan hanyar ruwa, KNUPDA, kuma tun ana haƙa harsashi, don bayan an yi rufi magana ta zama ta kotu. Idan an fitar da kuɗin aiki ba a yi ba, akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha. Gidajen rediyon Kano kuwa sun sha tayar da motar shara da takarda ta kasa tayarwa. A je musu da hoto, da sunan layi, da kwafin takardar da ya sa wa hannu lokacin kamfen.